Launi Na Biyar

A Castro, tsibirin Chiloé,
gidana kan ƙafafun katako yake tsaye.
Teku ya shigo ƙarƙashinsa da hantsi,
ya janye da la'asar, ya bar mini warin taɓo da kifi.
Nan nake buga hotunan bango,
launi huɗu kacal,
don tawada tsada gare ta,
kuma hannu biyun nan ne kaɗai ke jan ta kan siliki.

Shuɗi ke fara hawa takarda.
A shanya, a jira.
Damunarmu ba ta san ƙofar fita ba,
takarda sai ta kwana biyu kan igiya
da sanyi kamar hancin kare.
Sannan ruwan ɗorawa, sannan ja.
Baƙi ne auta, shi ke rufe bakin kowa.

In baƙi suka watse a watan Afrilu
nakan cusa littafin zane a jaka, in hau bas.
Na je arewa, hamadar Atacama,
inda gishiri ke ƙara ƙarƙashin takalmi,
na kwana uku ina kallon tsuntsaye
masu siraran ƙafafu, launin cikin gwaba,
har leɓena ya tsage.
Na je kudu, inda tsaunin ƙanƙara ke ɓallewa
ya faɗa ruwa da rugugin aradu.
Yatsuna suka ƙi riƙe fensir,
na hura musu numfashi, na lallashe su.
Shafi saba'in na dawo da su.
Uku suka zama hoto,
sauran na ƙarƙashin gado suna shan danshi.

Aikin nan ragi ne.
Na cire wayar lantarki daga gaban dutse,
na cire ledar da ta maƙale a ƙaya,
na cire direban da ya zage mu a hanya,
na cire kaina.
Abin da ya saura shi ake saye.
Wata mata daga Hamburg ta ɗauki shida,
wai ɗakin jiran mijinta, likitan haƙori, za ta ƙawata.
Na naɗe mata a kwali, na biya kuɗin wuta.

Mahaifina, Abelardo, shekara talatin da ɗaya
yana tuƙa jirgin fito a mashigin Chacao.
Ya zo ran Lahadi da dankali a buhu,
ya tsaya gaban hoton garinmu:
cocin nan mai ruwan ɗorawa,
sama tas kamar an wanke kwano.
Ya daɗe, hularsa na ɗiga.
Ya ce, "Ximena, wane gari ne wannan?"
Na ce, "Naka mana."
Ya ce, "To ina ruwan saman?"

Na yi dariya, ta tsaya a maƙogwaro.

Daren nan na kankare ragowar launuka huɗu
cikin gwangwani ɗaya, na dama,
sai ga toka,
irin tokar da ke zama kan rufin kwano tun Mayu,
irin ta rigar ulun da uwata ta saƙa.
Na shimfiɗa ta kan coci, kan kwale-kwale,
kan karen da ke fakewa a bakin kasuwa.
Na ja layuka a karkace,
don ruwanmu ba ya sauka a miƙe.
Guda hamsin na buga.

Shekara ta zagayo, biyu suka fita.
Ɗaya wata malamar asibiti ce, 'yar Quellón,
da aiki ya kai ta Santiago.
Ta kai takardar hancinta kafin ta tambayi kuɗi.
Ɗayan Abelardo ne.
Na ce kyauta, ya ce ba ya cin gumin 'yarsa,
ya ƙirga tsabar kan tebur,
ya kafe shi da ƙusa a ɗakin tuƙi,
daura da tagar da ke nuna masa abu ɗaya kullum.

Arba'in da takwas na cikin durowa.
Gobe akwai odar shuɗin sama, ɗari biyu.
Na wanke siliki, na jingine shi,
kwano na ta amsa ruwa a kaina,
gwangwanin toka kuwa na rufe shi da kyau
don kar ya bushe.